In'inar Na'ura

Daren Talata a Malali, ruwa na dukan kwano,
ina kan gaba a tseren mota, saura kwana biyu in kai,
sai hoton ya tsaya.
Ya motsa. Ya tsaya.
Motata ta daskare a tsakiyar gada,
da ta farfaɗo tana cikin rami,
Shamwilu daga Barnawa yana ƙyaƙyata dariya a kunnena.

A kusurwar allo akwai lamba mai ƙirga hotuna.
Jiya sittin a daƙiƙa, sumul kamar man gyaɗa,
yau sha huɗu, tara, ashirin, tara.

Na fara zargin wuta,
don ita ake fara zargi a garin nan.
Ƙwan ɗaki bai yi ja ba. Na sallame ta.
Na zargi layin sadarwa, na cire shi, na yi wasa ni kaɗai,
in'inar tana nan daram.
Na leƙa manhajojin da ke aiki a ɓoye,
na kore su ɗai-ɗai kamar baƙin da suka daɗe a zaure.
Na sabunta manhajar katin hoto,
datar mako guda ta tafi a banza.
Na rage inuwa, na aske ciyawa, na kashe ƙyallin ruwa,
har duniyar wasan ta koma zanen ɗan aji biyu.
Minti goma lafiya lau.
Sannan ta, ta, ta tsaya.

Minti goma.
Kullum sai ta yi minti goma kafin harshenta ya sarƙe.

Ni ma haka nake ina ɗan shekara takwas,
a firamaren Unguwar Dosa.
Layin farko na karatu ya fita salin-alin,
sai idanu su yi yawa, wuya ya ɗau zafi,
kalma ta maƙale a haƙori, aji ya fara ƙus-ƙus.
Malama Saratu ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba.
Takan ajiye alli ta ce,
"Sha iska, Tukur. Harshenka ƙalau yake, zafi ne ya yi maka yawa."

Na ɗora tafin hannu a gefen akwatin.
Murfin tukunyar tuwo.
Ma'aunin zafi ya ce casa'in da huɗu.

Na kashe ta, na zare waya,
kusoshi huɗu a murfin kwalba, tocila a baki.
Ashe zanzaro ne ya yi gini,
ɗaki uku na jar laka a bakin fankar katin hoto,
fiffiken ya kafe, ko gezau.
Tun ranar da na bar taga a buɗe na tafi Zariya
yake dakon ƙasa, ba haya, ba sallama.

Na ɓamɓare ginin da tsinken sakace,
na bi da tsohon buroshin haƙori.
Man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe kamar ƙanzo.
Da safe na hau keke mai ƙafa uku zuwa babbar kasuwa,
Yohanna mai gyara ya miƙo ɗan bututu ya ce,
"Girman ƙwayar wake kawai, ba man kitso ba ne."

Daren Laraba fanka na shan iska, tana ba da iska.
Sittin. Minti goma, sittin. Awa guda, sittin.
Shamwilu ya wuce ni a kwanar ƙarshe, tsaf, ba rami, ba dalili.
"To, yau wa za ka ɗora wa laifi?"

Na buɗe baki, kalmar ta ɗan tsaya a hanya.
Na jira ta.
A jikin ragar da na kafa wa taga
zanzaro na kai da komowa, laka a bakinsa.